An mayar da ni sashen horas da ma'aikata, amma aikin ya zama raba sunayen masu zuwa bita

Sabuwar Jami'a ta rubuta:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga wannan aiki.

Ni jami'ar kula da ma'aikata ce a wata ma'aikatar gwamnati. Da ina ɓangaren ɗaukar aiki da ƙarin girma, a bana aka yi min canji zuwa sashen horaswa. Na yi murna ƙwarai, don tun ina karatu wannan ɓangaren ne ya fi kwanta min a rai. A zatona zan riƙa zama da sassa ina gano inda ma'aikata suke da rauni, mu shirya musu abin da zai ɗaga su. Abin da na tarar daban ne. Takardar gayyata za ta zo daga kamfanin shirya bita, darakta ya rubuta a kai cewa a kawo sunaye, kafin a tashi aiki ofishina ya cika. Wannan ya ce shi an manta da shi shekara da shekaru, wancan ya miƙo min 'yar takarda daga wani babba. Ba mai tambayar abin da za a koyar. A ina za a yi, kwana nawa ne, nawa ne alawus, iyakar tambayoyin ke nan.

Abin da ya fi tsaya min shi ne maganar rajista, wato sashen da ake ajiye fayil. An kawo ƙorafi cewa fayil na yawan ɓacewa, aka ce in shirya wa ma'aikatan wurin kwas kan adana takardu. Kafin in rubuta komai sai na je na zauna da su. Wallahi mutanen nan sun san aikinsu. Babbansu yana faɗa maka lambar fayil da ka, ba tare da ya buɗe littafi ba. Matsalar ita ce manyan jami'ai suna aiko masinja ya ɗauki fayil ba a sa hannu a littafin fita ba, kantoci sun cika har ana jibge wasu a ƙasa, kwamfutar da aka sayo musu kuma babu manhajar da za su yi aiki da ita. Wane kwas ne zai gyara wannan?

Yanzu an ce in kawo tsarin horaswa na baɗi kafin a rufe kasafin kuɗi. Ta ina zan fara? Yaya zan gaya wa na gaba da ni cewa wani abin ba horo yake buƙata ba, ba tare da an ce na yi rashin kunya ba? Kuma idan aka tambaye ni amfanin kuɗin da aka kashe, me zan nuna ban da hotuna da satifiket?

Dattijo Mai Ritaya ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Zuwan da kika yi rajista kika zauna da mutanen nan, shi ne aikin. Da yawa daga cikinmu mun yi shekaru a wannan kujera ba mu taɓa taka ƙafa inda ake aikin da muke shirya wa kwas ba.

Akwai wata tambaya da wasu masana biyu, Robert Mager da Peter Pipe, suka yaɗa tun 1970, kuma har na bar aiki ban sami wadda ta fi ta amfani ba. Idan aka ce wani ba ya yin aikinsa yadda ya kamata, ki tambayi kanki: da a ce ransa ya dogara a kan ya yi aikin nan daidai, zai iya? In zai iya, to ba rashin sani ne ke damunsa ba. Ko dai babu kayan aiki, ko ba a taɓa faɗa masa abin da ake so ba, ko kuma wanda ya yi daidai da wanda ya yi sakaci duk ɗaya suke a idon oga. Wani lokaci ma mai ƙoƙarin ne ke shan wahala, don duk aikin da ya taso kansa ake ɗorawa. In kuwa ba zai iya ba ko da ransa ne a kai, nan ne horo yake da wuri. Ma'aikatan rajistarki za su iya. Saboda haka abin da suke buƙata shi ne kantoci, da manhaja, da takardar umarni daga sama cewa fayil ba ya fita sai da sa hannu, kowa ne ya aiko.

Game da tsarin baɗi, kada ki fara da takardun kamfanonin bita. Ki ajiye su gefe tukuna. Ki fara da abin da ma'aikatar ta ce za ta cim ma a shekarar, sai rahoton odita, sai ƙorafe-ƙorafen jama'a, sai fom ɗin auna ƙwazon ma'aikata na shekara. A fom ɗin nan galibi akwai gurbin da shugaba ke rubuta horon da ma'aikaci yake buƙata, amma ba kasafai ake komawa a karanta ba. Ki tattara su. Daga nan ki bi shugabannin sassa ɗaya bayan ɗaya. Kada ki tambaye su wane kwas suke so, don za su lissafo miki sunayen ƙasashe ne. Ki ce musu: wane aiki ne yake dawowa ana sake shi, wanne ne yake makara, wane ne zai yi ritaya nan da shekara biyu kuma babu wanda ya iya abin da yake yi? Wannan ta ƙarshen ki riƙe ta da kyau. Na ga sashe guda ya durƙushe saboda mutum ɗaya ya tafi da aikin a kansa.

Kuma ki tuna gwamnatoci sun gina makarantu musamman don wannan. Faransa ta kafa ENA, makarantar horas da manyan jami'an gwamnati, a 1945, ta kuma maye gurbinta da wata sabuwar cibiya a 2022. Nijeriya ta kafa ASCON, kwalejin horas da jami'an gudanarwa, a 1973. Ki duba irin wadda ƙasarki take da ita kafin ki waiwayi 'yan kwangila. Sannan a cikin gidanku akwai malamai. Babban rajistar nan da kika ambata, shi ya kamata ya tsaya gaban sababbin jami'ai ya koya musu yadda fayil yake tafiya.

Jami'in Tsare-tsare ya amsa:

Malama, Baba ya gama magana kan farkon aikin, ni bari in taɓa tambayarki ta uku, don mu ne muke zama da takardunku lokacin kasafi.

Ma'aunin da aka fi sani shi ne na Donald Kirkpatrick, wanda ya fitar a 1959. Hawa huɗu ne. Na farko, yaya mahalarta suka ji da horon. Na biyu, sun koyi wani abu kuwa. Na uku, da suka koma ofis aikinsu ya canza. Na huɗu, ma'aikatar ta ga sakamako. Fom ɗin da ake rabawa ranar rufe bita, kowa ya cike cewa ya gamsu, hawa na farko ne kawai, kuma yawanci a nan ake tsayawa. Na biyu ba shi da tsada: tambayoyi goma kafin a fara, irinsu bayan an gama. Na uku ne yake buƙatar ƙafa. Bayan wata uku ki koma wurin shugaban mutumin ki tambaye shi abin da ya gani da idonsa.

Na huɗu kuwa ba zai yiwu ba sai kin auna tun kafin a yi horon. In za ki horas da masu lissafin haƙƙin 'yan fansho, ki rubuta yau kwana nawa takarda take yi a hannunsu, kuma guda nawa ake dawo da su saboda kuskure. In babu wannan adadin na farko, duk abin da kika faɗa daga baya labari ne. Ba kowane kwas za ki bi haka ba, ba ki da mutanen yin hakan. Ki zaɓi biyu ko uku masu tsada ko masu muhimmanci.

Wani abu kuma: a 1988 Timothy Baldwin da Kevin Ford sun tattara binciken da aka yi kan dalilin da ya sa horo yake bin mutum zuwa wurin aiki ko ya tsaya a ɗakin taro. Sun kasa dalilan gida uku, wato shi kansa mai koyon, da yadda aka tsara horon, da yanayin ofishin da zai koma. A gwamnati na ukun nan ne ke kashe mu. A horas da mutum kan sayen kayan gwamnati, ya dawo a yi masa canji zuwa sashen sufuri. Ki roƙi a riƙa tuntuɓar sashenku kafin a fitar da jerin canjin wurin aiki.

Ƙaramin Ma'aikaci ya amsa:

Ranku ya daɗe, ku yi haƙuri in sa baki, ni ina cikin waɗanda suke cika ofishin irin su Hajiya.

Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma ban ji daɗin yadda ake kallon mai tambayar alawus kamar marar kishin aiki ba. Mutumin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ya ga fuskoki iri ɗaya ne suke tafiya kwas kowace shekara, dole ya zo ya tambaya. Kuma ba kuɗin kaɗai ba ne. A wurare da yawa satifiket yana da nauyi ranar ƙarin girma. Wanda ba a taɓa turawa ba, an tauye shi sau biyu ke nan.

Tsorona shi ne wannan maganar ta cewa ba kowace matsala ce horo ke gyarawa ba. Na yarda da ita, amma na san a kan wa za ta ƙare. Mu ƙanana za a ce mana ku ai kun iya aikinku, ku zauna. Manya kuma ba wanda zai yi musu wannan tambayar, za su ci gaba da tafiyarsu. Hajiya, in za ki kawo ma'auni, ki kawo wanda zai hau kan kowa. Kuma mu ma muna son mu koyi abin da zai kai mu gaba, ba wanda muke yi yanzu kawai ba. Ni ina son in iya aiki da Excel sosai, ba na son in yi ritaya ina ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur.

Sabuwar Jami'a ta sake rubutawa:

Na gode muku duka. Baba, na fara ciro fom ɗin bara, kuma gaskiyarka ne, gurbin nan cike yake da bayanai ba wanda ya taɓa dubawa.

Ɗan'uwa, maganarka ta shige ni. Na koma na duba rajistar waɗanda aka tura a shekarun baya, abin da ka faɗa haka yake: sunaye kaɗan ne suke ta maimaituwa, kuma kusan duk daga sama suke. Ba zan rubuta tsarin da zai ƙara danne ku ba, in sha Allahu. Abin da har yanzu ban san yadda zan yi da shi ba shi ne 'yan takardun nan da ake aiko min. Ni ƙarama ce a kan masu aiko su.

Mataimakiyar Darakta ta amsa:

Ƙanwata, wannan ba da bakinki za ki yaƙe shi ba, da takarda za ki yi. Muddin ke ce kike zaɓen sunaye, ke za a riƙa matsa wa. Ki rubuta ƙa'idar zaɓe, shafi ɗaya ya isa: dole kwas ya dace da aikin da mutum yake yi ko wanda ake shirya shi ya hau, a fifita wanda ya fi daɗewa ba a tura shi ba, a ware kaso sananne na kuɗin don ƙananan ma'aikata, kuma duk wanda ya dawo ya koyar da abokan aikinsa cikin wata guda. Ki nemi a kafa kwamiti da wakilan sassa da na ƙungiyar ma'aikata, ke ki zama sakatariya. Babban sakatare ya sa hannu, a liƙa a allon sanarwa. Ranar da aka miƙo miki 'yar takarda, ki karɓa da hannu biyu ki ce, ranka ya daɗe zan gabatar wa kwamiti. Ba zai hana gaba ɗaya ba, wasu za su bi ta samanki kuma ba yadda za ki yi. Amma zai ragu sosai, kuma duk sunan da ya shigo ta bayan fage zai fito fili a rubuce.

Maganar ɗan'uwanmu ta rarrabe miki abu biyu da ya kamata su fito daban a tsarinki. Akwai horo don aikin yau, akwai kuma raya ma'aikaci don aikin gobe. Tambayar da Baba ya kawo ta shafi na farko ne. Na biyun haƙƙin kowa ne, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗi: a haɗa sabo da tsohon hannu, a zagaya da mutum sassa, a ba shi riƙon ƙwarya idan ogansa ya tafi hutu, a ware awa biyu a mako a ɗakin kwamfuta. Ki sa waɗannan a tsarin da sunan wanda zai kula da kowanne, in ba haka ba za su tsaya a takarda.

Batun rajista kuma, kada ki rubuta cewa kwas ba shi da amfani. Ki rubuta cewa bisa umarnin da aka ba ki kin ziyarci sashen, ga abin da kika gani, ga abubuwa uku da kike ba da shawarar a yi, ga kuɗinsu kusa da kuɗin kwas ɗin. Ki ƙara da bitar rabin yini a cikin gida, wadda za a gayyato sakatarori da masinjojin manyan jami'ai, tunda su ne suke ɗaukar fayil. Kafin ki shigar da takardar, ki shiga wurin daraktanki ki nuna masa ita a matsayin daftari, ki nemi gyaransa. In ya sa alƙalaminsa a ciki, shi zai kare ta a taron manya.