Jiniyar Kakuri Ta Yi Shiru

Wani dattijo ne ya buɗe wannan musaya, ya kuma gindaya sharaɗi cewa duk mai amsa masa ya riƙe amsa-amon "ya" har ƙarshen baitocinsa.

Dattijon Kakuri:

Da sunan Allah nake buɗe zancena,
Shi ne Mai jujjuya lamuran duniya.

A 1957 masaƙar farko ta tashi a Kaduna,
Zamanin da Sardauna yake Firimiya.

Na kama aiki a wata masaƙa ina saurayi,
Agogon unguwarmu duka shi ne jiniya.

In ta yi kuka da asuba kekuna ke fitowa,
Daga Makera zuwa Kakuri su toshe hanya.

Ƙarshen wata in sayi masara da manja,
In ɗora turmin atamfa a hannun amarya.

Da aka kawo SAP, shirin gyaran tattalin arziki, a 1986 Naira ta karye,
Kayan gyaran inji suka gagari masu dukiya.

Wuta ta yi ƙaranci, baƙin mai ya yi tsada,
Atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwannin Najeriya.

Zuwa 2007 babbar cikin masaƙun ta rufe ƙofa,
Ni ko haƙƙin sallamata nake jira tun ba jiya.

Mai Ɗinki daga Tudun Wada:

Malam, rabin labarin ka kawo mana,
Sauran rabin yana wurin masu ɗora tukunya.

Ranar da aka sallami maigidanmu daga aiki,
Kwallayen aurena na fara kaiwa dillaliya.

Da kuɗinsu da na adashi na sayi keken ɗinki,
Ina taka shi da fitila har dare ya kai tsakiya.

Maƙwabta suka ce in ɗora wa 'yata talla,
Na ce makaranta za ta, ko da za mu sha wuya.

Shi kuwa yakan sa riga ya fita da sassafe,
Ba wurin zuwa, sai dai gudun idon 'ya'ya.

Sai in zura kuɗin cefane a aljihun rigarsa,
Ya miƙo mini a gabansu, in karɓa in yi godiya.

Ɗan Adaidaita daga Kano:

Baba da Inna, ku kun ga aiki kafin ya ɓace,
Mu labarinsa muka tarar kamar tatsuniya.

Na gama digiri, na yi bautar ƙasa,
Kwalin yana akwati, an ba shi ajiya.

Na zaga Sharaɗa da Bompai da takarduna,
Wasu masana'antun sun zama sito, sai sallamar safiya.

A 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin mai,
Litar da ba ta kai ɗari biyu ba ta zama tsiya.

Ta haura ɗari biyar cikin 'yan kwanaki,
Fasinja suka gwammace su taka sayyada a hanya.

In na cire kuɗin mai na biya balas da dare,
Abin da ya rage ba ya isar kayan miya.

Sau biyu ana ɗage ranar aurena saboda lefe,
Yanzu gaban gidan surukai nake ratsewa don kunya.

Dattijon Kakuri:

Ɗana, Allah Ya hore, Ya kawo ranar da sauƙi,
Ke kuwa Hajiya, kin taɓa mini miki a zuciya.

Ni ma na sha tsintar kuɗi a aljihun rigata,
Har Allah Ya karɓi ran uwargida na kasa tambaya.