Baba yana son sayar da gidansa ya koma unguwar masu ritaya a Merilan, me ya kamata mu duba?

Maman Yusra:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na kawo ta nan. Babanmu ya zo Amurka karatu tun 1981, ya yi aiki har ya yi ritaya a jihar Merilan, yanzu shekararsa 76. Bara Allah Ya yi wa Umma rasuwa, ya saura shi kaɗai a gidan bene. Sau biyu yana faɗuwa a matakala, kwanan nan kuma ya fara manta ko ya sha maganin hawan jini. Na roƙe shi ya dawo wurina, ya ce shi ba zai zauna gidan suruki ba. Kun dai san dattawanmu.

To wani abokinsa ya kai shi ya ga irin unguwar nan da suke kira CCRC: ka shiga da ƙarfinka, in ka fara gazawa su mayar da kai sashen da ake taimaka maka da wanka da magani, in jiki ya yi nauyi sai sashen jinya, duk wuri ɗaya. Kuɗin shiga kaɗai zai kusa cinye kuɗin gidansa, ban da na wata-wata. Sun ce in ya fita ko ya rasu za su mayar da kashi 90 cikin ɗari na kuɗin shigar. Baba ya ƙyalla ido, ni kuwa gabana faɗuwa yake yi. Wa ke sa ido a kan irin wuraren nan? Medicare ɗinsa, wato inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, za ta biya wani abu?

Kawu na Bronkis:
Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah Ya jiƙan mahaifiyarki. Amma ki yi haƙuri da ni, uba da 'ya'yansa a raye ya ƙare a hannun baƙi? In ba zai zauna gidanki ba, ina ɗan'uwanki namiji? Ko a mayar da shi gida cikin dangi, ya ji kiran salla sau biyar.

Anti Nas:
Kawu, a yi mata uzuri, ba ita ta ce ya tafi ba, shi ya zaɓa. Maman Yusra, shekara goma sha ɗaya nake aikin jinya a irin gidajen nan, bari in ware miki zare da abawa, don wuri ɗaya ne a ido amma doka uku ke riƙe da shi.

Sashen jinya shi ne gwamnatin tarayya ke da hannu a ciki, tun dokar gyaran gidajen jinya ta 1987, muddin suna karɓar Medicare ko Medicaid, wato tallafin lafiya na gwamnati ga marasa hali. Shi ne za ki iya duba taurarin ingancinsa, ɗaya zuwa biyar, a shafin Medicare. Sashen tallafi kuwa, wato inda ake ba da magani da taimakon wanka, ba ruwan tarayya da lasisinsa, kowace jiha da nata tsarin. A Merilan ofishin ingancin kula da lafiya na ma'aikatar lafiyar jiha ne ke ba da lasisi, kuma akwai matakan kulawa uku. Ki tambaye su matakin da lasisinsu ya kai, ki nemi rahoton binciken ƙarshe. In suka fara kame-kame, ya ishe ki amsa. Ita kuma yarjejeniyar CCRC ɗin, ma'aikatar kula da tsofaffi ta jihar ce ke yi mata rajista.

Batun Medicare, ki cire rai. Ba ta biyan zaman sashen tallafi. Abin da take biya shi ne jinyar farfaɗowa bayan an kwantar da mutum a asibiti kwana uku, iyakarta kwana 100, kuma daga kwana na 21 shi ma sai ya sa nasa.

Sannan ki je da dare ko ranar Lahadi ba tare da kin sanar ba, ki ƙirga ma'aikata nawa ne a kan mutum nawa. Ki tambayi abincin halal, da ko za a samu namiji ya riƙa yi masa wanka. Duk abin da suka amsa, a rubuta shi cikin takarda, don mai tallan da ya yi miki murmushi yau ba shi zai kasance a bakin aiki ƙarfe uku na dare ba.

Abu Hanif, akanta:
Ni kashi 90 ɗin nan ne ya tsaya min a wuya. Hajiya, ki karanta sharaɗin da kyau: a wurare da yawa ba sa mayar da kuɗin sai wani ya shiga ɗakin ya biya nasa. Magada na iya yin shekara suna jira, rabon gado ya tsaya cak. In kuma kamfanin ya karye, mazauna galibi suna bayan bankuna da masu takardun bashi a layin biya. Ba tatsuniya ba ce, kamfanin Erickson da ke nan Merilan, da girmansa, ya shiga kotun fatara a 2009. Ki nemi takardar bayanin kuɗinsu ta shekara-shekara, doka ta wajabta musu bayarwa, ki duba bashin da ke kansu da yawan ɗakunan da babu kowa, da yadda suka riƙa ƙara kuɗin wata a shekaru biyar da suka wuce.

Yarjejeniyar ma iri uku ce. Nau'in A ya fi tsada a farko amma kuɗin wata ba ya tashi sosai in ya koma sashen jinya. B rangwame ne na ɗan lokaci. C kuwa farashin kasuwa zai biya ranar da ya buƙaci kulawa. Kuma suna gwada lafiya kafin su karɓa, wannan mantuwar da kika ambata tana iya hana shi samun A. Kada a sa gida a kasuwa kafin wannan ya tabbata.

Baban Khalifa:
Ƙari kan maganar akanta. In wata rana kuɗi suka ƙare aka nemi Medicaid, za su waiwayi shekara biyar baya su duba duk kyautar da ya yi. Mu abin da ya kama mu ke nan: tsohonmu ya tura kuɗi gida aka yi rufin masallacin unguwa, aka lissafa shi a matsayin dukiyar da ya raba, aka jinkirta masa. Sannan gida yana da wata kariya a lissafinsu, amma da zarar an sayar ya zama tsabar kuɗi. Ku ga lauyan harkokin tsofaffi tukuna. Kawu, mun yi tunanin mayar da shi gida mu ma, sai dai Medicare ba ta bin mutum wajen Amurka, shi kuma wankin ƙoda ake yi masa sau uku a mako.

Kawu na Bronkis:
To, na ji. Amma a yi istihara, kuma a zaɓi wurin da bai wuce tafiyar minti ashirin daga gidanki ba, jikoki su riƙa shiga suna fita.

Anti Nas:
Na manta, akwai jami'in sauraron koken mazauna irin gidajen nan, ombusman, kowace jiha tana da shi kuma kyauta ne. Ki kira na yankinku tun kafin a sa hannu, sun san gidan da ƙorafi ya fi yawa.

Maman Yusra:
Allah Ya saka da alheri, wallahi kun buɗe min ido. Na duba takardun da Baba ya kawo, nau'in C ne, kuma sharaɗin mayar da kuɗin yana shafi na 34, daidai yadda Abu Hanif ya faɗa, sai an sake cika ɗakin. Na kira yayana a Teksas, zai zo ranar Juma'a mu zauna da Baba tare, don ni kaɗai in na yi magana cewa yake yi yarinya ce. Kafin nan mun samu mai zuwa gida safe da yamma ya ba shi magani, an kuma sauko da gadonsa falon ƙasa. Anti Nas, in ba damuwa zan biyo ki ta gefe da rahoton binciken in sun ba ni.