Shawarwarin waɗanda suka zaga kudancin Ghana

An tattauna kan yadda mutum zai ga tafki da duwatsu da bakin teku a tafiya ɗaya a Ghana, kuma kusan kowa ya yarda cewa mako guda ba ya isa sai da gaggawa.

Yawancinsu sun ce a fara da gabas. Daga Accra a nufi Akosombo, inda madatsar ruwan da aka kammala a 1965 ta haifar da Tafkin Volta, sannan a haura wajen Hohoe don Dutsen Afadja da ruwan Wli mai zubowa daga kan dutse. Hawan Afadja da sassafe ake yi, da takalmi mai kama ƙasa, domin hanyar tana da santsi bayan ruwan sama.

Maganar ta fi tsawo kan Elmina da Cape Coast, garuruwa biyu na bakin teku a yammacin Accra. Gidan da Turawan Fotugal suka gina a Elmina a 1482, wanda daga baya aka riƙa tsare bayi a kurkukunsa kafin a loda su a jirgi, wasu sun ce a haɗa shi da na Cape Coast rana ɗaya, tunda kusa suke. Wasu suka ce a'a, abin yana da nauyi a zuciya, a raba. Na fi karkata ga na biyun.

Teku kuwa a kiyaye, igiyar ruwan tana jan mutum. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, amma kada ya manta katin rigakafin shawara. Masallaci da abincin halal ba wuya, a tambayi zango, wato unguwar da Musulmi suka fi yawa.