Wai me za mu kira "clutch drag" da Hausa?

Jama'a masu tuƙa tsofaffin motoci masu giyar hannu, da ku makanikai, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Kulochi na da manyan cutuka biyu kuma kishiyar juna ne, amma a bakinmu duk sunansu ɗaya, "kulochi ya tafi", shi ya sa ake sauke giyabos a banza wani lokacin.

Na farko ba rigima a kansa. Filet, wato faifan kulochi, ya cinye, ka sa giya huɗu ko biyar kana tafiya a hankali ka danna totur, injin ya hau kuka amma motar ba ta ƙara gudu, wani sa'in har ka ji ƙauri. Wannan kowa cewa yake kulochi na zamewa, toh mu bar shi a haka, zamewa ta zauna.

Na biyun ne ba shi da suna. Ka taka kulochi har ƙasa amma filet bai rabu da filawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da injin ke juyawa, gaba ɗaya ba, yana ɗan taɓawa, sandar da ke shiga giyabos na ci gaba da juyawa alhali ya kamata ta tsaya, sai giya ta yi tauri, lamba ɗaya sai ka haɗa da ƙarfi, ribas kuwa ƙarrr kamar za a zubar da haƙoran giya. Shi ne Turawa ke ce wa "drag".

Akwai masu cewa a fassara kai tsaye a ce jan kulochi. Ni dai ban yarda ba wallahi. A bakin direba ja ƙarfin mota ne, in ya ce motar ba ta ja ai alamar zamewa yake faɗa, kaga kenan in muka sa wa ɗayan ciwon suna ja mun haɗa su wuri guda, makanike ya ji ja ya tafi neman abin da ba shi ne ba. Maƙalewa ma an kawo, ta fi kusa, sai dai in ka ce kulochi ya maƙale yawanci abin da za a fahimta shi ne ka taka ya zauna a ƙasa ya ƙi dawowa, wannan kuma wata matsala ce daban. Riƙo ma bai yi min ba, don riƙo shi ne aikin kulochi mai lafiya in ka ɗaga ƙafa.

Abin da na tsaya a kai shi ne ƙin saki. Kulochi na ƙin saki, ko ƙin sakin kulochi. Ba sai an yi wa kowa bayani ba, kuma sunan da kansa na nuna maka inda za ka duba, wato me ya hana shi saki.

Ga yadda ake gane shi. Kashe injin ka zagaya giyoyin duka, in suna shiga sumul amma da ka tayar suka yi tauri, ƙin saki ne. Ko ka taka kulochi ka jira kamar daƙiƙa 5 sannan ka sa ribas, a yawancin tsofaffin motoci ribas ba ta da sinkiro, wato zoben da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga, don haka ba ta ɓoye komai, in ta yi ƙara bayan wannan jiran to filet na juyawa. In ya yi tsanani ma za ka ga motar na ɗan rarrafawa gaba a giya ɗaya ƙafarka na ƙasa.

Daga nan a fara da mai sauƙi don Allah. In kulochin na mai ne duba kofin man birkinsa, leƙa ƙarƙashin sitiyari inda sandar kulochin sama, wato famfon da ƙafarka ke turawa, ta shigo ko akwai laima, ɗaga robar kulochin ƙasa, wato famfon da ke wajen giyabos, ka gani. In ka taka sau uku huɗu da sauri giya ta shiga, iska ce a layin ko roba ta mutu, bilidin, wato fitar da iskar, ko canza kit ɗin robobin ya wadatar. In na waya ne wataƙila ta miƙe ne, a ɗaure. Sai duk wannan ya fita lafiya ake maganar sauke giyabos a duba ko filet ya lanƙwashe, ko tsatsa ta hana shi motsi a kan sandar, ko ƙaramin boris ɗin tsakiyar filawil ya kama.

Kar kuma a sa wa kowane taurin giya wannan suna fa. In giya ɗaya tak ke ƙara, galibi lamba biyu, zoben sinkiro ne ya cinye. In tana tauri ko injin a kashe, a duba bushin da sandunan giya. In da sanyin safiya ne kawai ta warware bayan mota ta ɗau zafi, man giya za a tuhuma, kuma a duba littafin motar kafin a zuba, wasu GL-4 suke so ba GL-5 ba.

Makanikai ku gwada faɗinsa a gareji ku ji ko ya hau baki, zamewa da ƙin saki. In akwai wanda a wajensu an riga an sa masa wani suna ya kawo mana shi nan.