Ingilishi a bakin aiki: me ya taimake ku?

Akanta a wata ƙungiyar agaji, unguwar Zariya a Maradi:
Assalamu alaikum ƴan uwa. A nan Nijar, dokar sake gina ƙasa ta watan Maris na 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta kuma ajiye Ingilishi kusa da Faransanci a matsayin harshen aiki. Mafi yawanmu mun karanci Ingilishi tun ajin farko na kwaleji har muka yi bakaloriya, muna iya karanta wasiƙa mu fahimta, amma da zarar an kira mu a waya sai harshe ya ɗaure. A buronmu rahoton kuɗi da Ingilishi yake tafiya, kuma a nan na ga cewa inda Faransanci yake sa waƙafi a lissafi Ingilishi ɗigo yake sawa, har 1,500 da muke karantawa ɗaya da rabi ya zama dubu ɗaya da ɗari biyar. Ina roƙon duk wanda aiki ya tilasta masa wannan harshe ya faɗa mana abin da ya yi da kansa.

Mai fiton kaya a iyakar Ɗan Isa:
Wa alaikumus salam, Malam. Da ƴan kasuwar Jibiya da Katsina da Kano ba mu da matsala, Hausa ce ta haɗa mu. Wahalar tana farawa ne idan kayan gyaran mota suka taso daga Legas ko Onica, ko kuma mai kamfani a Sin ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lambobi, domin sha uku da talatin, sha biyar da hamsin, har zuwa sha tara da casa'in, sunayensu a Ingilishi kusan ɗaya ne a kunne. Bambancin yana ƙarshen kalma da wurin da ake danna murya: a sha biyar nauyin yana faɗawa a ƙarshe, a hamsin kuwa a farko. Ga layin waya mai tsinkewa, ga mu kuma da lissafin sefa na dala da jaka a kai, sannan a juya zuwa naira. Na ga abokin sana'a ya shirya takardun duwan na katan hamsin alhali sha biyar aka loda, motar ta kwana a iyaka kafin a gyara. Ni dai ɗan ƙanena da ke karatu a Katsina ya karanta mini lambobin nan bibbiyu a saƙon murya, ina saurare a kan babur ina maimaitawa har kunnena ya rabe su. Duk da haka ba na rufe ciniki sai na sake faɗin adadin lamba ɗaya bayan ɗaya, an kuma rubuto mini shi.

Malamar jinya, ɓangaren Madarunfa:
Alhaji ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A aikinmu kalmomin likita da yawa rubutunsu a Ingilishi da Faransanci kusan iri ɗaya ne, sai mutum ya ɗauka ya riga ya san su, ya karanta su da muryar Faransanci wadda take jingina a ƙarshen kalma. Likitar da ta zo mana daga Kenya ta kan tsaya tana kallona, ba don ban san maganin ba, sai don ba ta gane sunansa a bakina ba. Na koma sauraron shirin koyon Ingilishi na Muryar Amurka, wanda aka fara a 1959 ana karanta shi a hankali da kalmomi kaɗan, ina bin mai karatun jimla bayan jimla, sannan in ɗauki muryata in kwatanta. Harafin p ma ya ba ni aiki, tunda mu mutanen Maradi ko f ɗin Kano sau da yawa h muke mai da shi. Na riƙe ƴar takarda a gaban bakina, in haɗe leɓɓa in sake su, idan takardar ta motsa na san sautin ya fito.

Malamin Ingilishi a wata lise (babbar sakandare):
Malama, dabarar takardar nan daidai ce, kuma ina amfani da ita a aji. Gaskiyar magana ita ce muna shirya yara ne domin jarrabawa, kuma a aji mai cunkoso da wuya kowane ɗalibi ya samu ya buɗe baki ko sau ɗaya a mako. Ga ma'aikaci ba na ba da shawarar komawa kan littafin nahawu daga bango zuwa bango. Ya haddace aikatau marasa bin ƙa'ida da yake bukata a aikinsa, ya kuma kiyaye cewa abin da ya wuce a lokaci sananne, kamar jiya ko bara, Ingilishi ba ya gina shi da aikatau biyu yadda muka saba a Faransanci. Kalmomi kuwa a rubuta su cikin cikakkiyar jimla da aka ciro daga wasiƙun aiki na gaske, domin kalmar da aka haddace ita kaɗai ba ta zuwa baki a lokacin bukata.

Ma'aikacin awon ƙasa, unguwar Ali Ɗan Sofo:
Malamin Ingilishi ya yi gaskiya. Ni layin dogon Kano zuwa Maradi, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal a 2021, shi ya sa na tashi tsaye. Mu biyar ne, muna haɗuwa a fadarmu ranar Asabar bayan la'asar, kowa ya yi bayanin aikin da ya yi a makon cikin minti uku da Ingilishi, sauran su yi masa tambayoyi, kuma ba a gyara wa mutum sai ya kai ƙarshe. Wanda ya saka Faransanci a tsakiya shi yake sayen sukarin shayi na mako mai zuwa. Alhaji, idan za ka turo mana saƙon lambobin nan, za mu fara da shi wannan Asabar.