Digirin Shari'a daga makarantar da ta ce tana da alaƙa da jami'ar waje: shin gwamnati za ta karɓe shi?

Yayan Ɗalibi:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya kammala sakandaren Arabiyya da sakamako mai kyau a jarrabawar NBAIS, wato hukumar jarrabawar Arabiyya da ilimin addinin Musulunci, kuma ya samu gurbi a wata makarantar addini mai zaman kanta da ke koyar da Shari'a da Usuluddin na tsawon shekara huɗu. Shugabanninta sun ce a ƙarshe za su ba shi digiri, domin wai suna da yarjejeniya da wata jami'a ta ƙasar waje. Mahaifinmu ya gamsu da malaman, ni ma ba ni da shakka a kan iliminsu, amma da yake ni zan riƙa biyan kuɗin, ina so in sani tun kafin a yi nisa: wannan takarda za ta kai shi bautar ƙasa, ko ya samu aikin koyarwa a makarantar gwamnati da ita?

Tsohon Ma'aikacin Rajista:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abu na farko da za ka tambaye su shi ne sunan wace jami'a za a buga a kan takardar. Idan kwaleji ta jingina da jami'ar cikin gida, sai hukumar NUC mai kula da jami'o'in Najeriya ta amince da jinginar da kuma kowane fanni da za a koyar, sannan ɗalibin ya shiga ta hannun JAMB, domin wanda sunansa ba ya cikin rajistar JAMB ba ya samun kiran bautar ƙasa ko da ya yi shekara huɗu yana fin kowa a aji. Ka nemi su nuna maka takardar amincewar da idonka, kada ka yarda da “muna kan bin sawun maganar”. Na sha ganin yaran da suka gama karatu kafin a gama bin sawun.

Wanda Ya Yi Karatu a Masar:
Ina so in ƙara bayani a kan ɓangaren jami'ar waje, domin a nan ne aka fi rufe mutane. Mu da muka dawo daga Azhar, haka ma 'yan Madina da 'yan jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, sai da muka kai takardunmu Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja aka tantance, tare da fassarar shahada da ta sakamakon kowace shekara, sannan aka duba fasfo domin a tabbatar mun zauna a ƙasar da muka ce mun yi karatu. To, wanda bai taɓa barin garinsu ba, wane hatimin shiga da fita zai nuna? Kuma tun watan Janairun 2024, lokacin da aka dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida, an ƙara tsananta bincike a kan duk takardar da ta fito daga waje.

Malamin Zaure:
Ban musanta ko ɗaya daga cikin abin da kuka faɗa ba, sai dai kada a raina makarantar saboda rashin hatimin gwamnati. Ijaza, wato iznin da malami ke ba ɗalibinsa na karantarwa, daban, shahadar neman aiki daban. Malamai da yawa da suka karantar da alƙalai littattafan fiƙihu na Risala da Muhtasar ba su da takardar da wani ofis zai karɓa. Laifin da nake gani ɗaya ne, wato a kira abu digiri alhali an san ba shi ba ne, wannan kuwa algus ne ko da a makarantar addini aka yi shi. Idan yaron yana son malaman, ya nemi gurbi a jami'ar Bayero ko Usmanu Ɗanfodiyo ko Al-Qalam ta Katsina, ya riƙa ɗaukar karatu a wurinsu lokacin hutu.

Yayan Ɗalibi:
Allah ya gafarta Malam, na gode, haka ma sauran 'yan'uwa. Na je makarantar jiya na nemi takardar amincewa, sai aka nuna mini wata wasiƙa da Larabci daga jami'ar wajen, babu komai daga NUC, kuma suka ce ɗalibansu ba sa bi ta JAMB. Zan zauna da Baba ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.