Zan kai Baba kallon Arsenal, amma gwiwa na damunsa: a wace tasha za mu sauka?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san arewacin Landan. Mahaifina ya zo daga Kano ganin jikoki, kuma tun lokacin da Kanu ya koma Arsenal a 1999 bai sake kallon wata ƙungiya ba. Allah Ya sa na samo mana tikiti biyu na wasan Asabar a filinsu na Emirates. To matsalar gwiwa ce, da sanda yake tafiya, matakala goma sai ya tsaya ya huta. Mu a Hounslow muke, jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly zai kai mu ba canji. Shi kuwa ya kafe sai a tashar da aka rubuta "Arsenal" zai sauka, ya ɗauki hoto ya tura wa 'yan majalisarsu. Ya kuka gani?

Wani mazaunin Islington: Wa alaikumussalam. Malam, ranar wasa kar ka kai tsoho tashar nan. Ba lif, ba matakala mai tafiya da kanta. Kana fita daga jirgi za ka hau matakala, sannan ka bi wata doguwar hanya mai hawa wadda aka raba da shingen ƙarfe kamar keji, don masu tahowa kada su yi karo da taron. Filin yana cin mutum sama da 60,000, sai ka ƙiyasta turereniyar.

Wata 'yar uwa: Ku wuce ta da tasha ɗaya, ku sauka Finsbury Park. Akwai lif tun 2019. Ga masallaci nan kusa a kan St Thomas's Road, Baba ya yi azahar a natse, ya miƙe ƙafa, sannan ku taka a hankali. Matashi minti goma ne, shi ka ba shi ashirin. Allah Ya ƙara masa lafiya.

Wani mai zuwa kallo kullum: Hajiya, a nan kam ban bi ki ba. Ga mai ciwon gwiwa, tafiyar nan daga Finsbury Park ba wasa ba ce. Zuwa ba shi ne matsala ba: in suka iso awa biyu kafin a take wasa, tashar Arsenal fayau take, daga ƙofarta zuwa filin kuma bai fi minti biyar ba. Komawa ce aiki. Ana tashi layi ke miƙewa a kan titin Gillespie, mutum ya sha tsayuwa cikin sanyi. Kar ka ce za ka yi dabara ta tashar Holloway Road, ana hana shiga bayan wasa, tashar Drayton Park ma a rufe take. Ni zama nake yi a kujerata har fili ya watse.

Wani dattijo: Ɗana, tsohonka ya san abin da yake so, ka bar shi. Tashar Arsenal ita kaɗai ce tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan mai sunan ƙungiyar ƙwallo. Da aka buɗe ta a 1906 Gillespie Road ake ce mata, kocinsu Herbert Chapman ne ya matsa aka sauya a 1932. Har yau tsohon sunan na nan jikin tayil ɗin bangon da ake jiran jirgi. Ka kai shi ranar Talata da hantsi, ya yi hotonsa ba mai ture shi, ku zagaya Avenell Road ya ga Highbury, tsohon filin Arsenal, inda Kanun ya taka leda. Sun tashi daga can a 2006, yanzu gidaje ne, amma fuskar ginin ta gabas tana nan.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Asabar za mu bi ta Finsbury Park da wuri, mu daɗe a zaune bayan an tashi. Na karanta wa Baba maganar Highbury, ya ce Talata ta yi nisa, gobe za mu je, har ya sa a goge masa babbar riga.